Amsoshin Tambayoyinku: Sayayyar Kaka, Daga Buhun Wake Zuwa Daddawa

Tunda kaka ta yi kuma sabon amfanin gona ya fara shigowa kasuwa, yawancin tambayoyin da suka iso wannan fili sun karkata ne ga abin da ya dace a saya a ajiye. Zan fara da wadda ta fi shafar lafiyar iyali.

Tambaya: Wata uwargida daga Zariya ta ce maigidanta yana shirin sayen buhun wake yanzu da yake da sauƙi, amma wanda suka ajiye bara ƙwari sun lalata shi, kuma an ba su shawarar su yayyafa wa na bana maganin ƙwari. Tana tambaya ko su saya, ko su ci gaba da awon kwano-kwano.

Amsa: Hajiya, ku saya, amma kada Alhaji ya biya kuɗin wake sai ya tanadi abin da za a zuba shi. Ƙwaron wake ba a ɗakin ajiyarki yake farawa ba. Tun a gona uwar take yin ƙwai a jikin kwanson, tsutsar ta huda ta shige cikin ƙwayar tana ci, kuma idan ana zafi, cikin kimanin wata ɗaya ta girma ta fito ta yi nata ƙwan. Shi ya sa waken da ya yi kyau a ido ranar da aka auno shi yakan cika da huji bayan wata uku ko huɗu, ko da kuwa ɗakin tsaf yake.

Abin da ke kashe wannan ƙwaro ba tare da guba ba shi ne toshe masa iska. A kan wannan hikima aka yi buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu a Kamaru, aka kuma shiga yaɗa shi a Najeriya da Nijar daga shekarar 2007. Ana samunsa wurin masu sayar da iri da taki. Kafin a zuba wake sai a duba cewa ledojin ba su da huji, a matse iskar da ta rage, a ɗaure kowace leda ita kaɗai, sannan a ɗora buhun bisa katako inda ɓera ba zai kai gare shi ba, domin huji ɗaya ya isa ya ɓata aikin gaba ɗaya.

Sai dai ni a ganina wannan buhu ya fi dacewa da manomi ko ɗan kasuwa wanda zai rufe shi ya bar shi watanni. Ke da za ki riƙa ɗiban na alale yau, na garau-garau jibi, jarka ta fi miki. Ki nemi jarkoki masu cin lita 20 ko 25 waɗanda man girki aka taɓa zubawa a ciki, ba fetur ko wani sinadari ba, ki wanke su, su bushe sarai. A shanya waken a rana har sai an ciji ƙwaya ta fashe da ƙara, a bar shi ya huce, a cika jarkar har baki ana girgiza ta, a sa leda a ƙarƙashin murfin a murɗe da ƙarfi. Jarka ɗaya za a buɗe, sai ta ƙare a taɓa ta biyu. Dabarar iyayenmu ta gauraya wake da tankaɗaɗɗiyar toka ita ma tana aiki, amma tana buƙatar toka mai yawa, kusan kwatankwacin waken kansa. Barkono shi kaɗai kuwa ba abin dogaro ba ne.

Batun yayyafa magani, ina roƙonki da ki hana. Irin su Sniper suna ɗauke da sinadarin dichlorvos, wanda ba a yi shi don ya taɓa abin da za a ci ba, kuma hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya ta sha yin gargaɗi a kan zuba shi a hatsi. Yawan wannan sinadari ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a shekarar 2015, alhali mu ne muka fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye da mu. Haka ita ma ƙwayar maganin ƙwarin nan da ake jefawa cikin buhu: iskar guba take fitarwa, kuma ajiye irin wannan buhu a ɗakin da mutane ke kwana yana iya halaka su. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa na ce ku saya yanzu, domin sabon wake bai daɗe a hannun 'yan ajiya ba balle a yi ta sa masa magani. Wanda ya kamata a yi hattara da shi shi ne waken da za a tarar da bazara a buɗaɗɗen buhu, babu huji ko ɗaya, kuma yana tashin wani wari mai hawa kai. Wankewa da zubar da ruwan tafasar farko suna rage maganin, amma ba sa kawar da shi duka.

Tambaya: Wata amarya daga Gombe ta ce shinkafa mai tsada 'yar waje suke saye, amma masarta tana yin nauyi, tuwonta kuma ba ya haɗuwa. Tana tambaya wace shinkafa za ta saya, kuma wace irin tanda ce ta fi.

Amsa: Ƙanwata, hannunki ba shi da laifi, shinkafar ce ba ta wannan aiki ba. Yawancin shinkafar buhu da ake dafawa da miya an turara ta tun tana cikin ɓawonta kafin a casa ta. Wannan turarawa tana ƙarfafa ƙwayar, tana kuma tura wani kaso na sinadarin bitamin B daga dusar zuwa cikinta, shi ya sa take fitowa wara-wara a dafa-duka. Amma abin da ya sa ta yi kyau a dafa-duka shi ne ya hana ta yin danƙo a ƙarƙashin muciya, ya kuma hana ƙullunta yin laushi. Ki je wurin masu awo ki ce a ba ki shinkafar tuwo, wato ɗanya wadda ba a turara ba. Fara ce sol, kuma tana saurin karyewa idan kika cije ta. Kada yawan karyayyu ya dame ki, domin jiƙa ta za ki yi ki markaɗa, ko ki dafa ta ta yi luguf ki tuƙe. Abin dubawa shi ne tsakuwa da warin daɗewa. Ana noma irinta sosai a Kura da Haɗeja da Kebbi, saboda haka babu dalilin biyan kuɗin 'yar waje a kanta.

Idan kin jiƙa ɗanyar ta kwana, ki dafa kaɗan daga cikinta ta yi taushi ki haɗa kafin a kai markaɗe, domin wannan dafaffiyar ce ke sa cikin masa ya yi laushi. A sa yis, a rufe ƙullun a wuri mai ɗumi, kuma da hunturu a ƙara masa lokaci, tunda sanyi yana jinkirta tashinsa. Game da tanda, idan da gawayi kike girki ta ƙasa ta fi, saboda tana riƙe zafi daidai. Idan da gas ne, ki sayi ta ƙarfe mai kauri, domin marar kauri tana ƙona bayan masa cikinta bai nuna ba.

Tambaya: Wani magidanci daga Sakkwato ya ce man gyaɗan da ya saya a galan ya yi fari-fari da sanyi ya shigo, manjan kuma ya rabu gida biyu. Yana tambaya ko an cuce shi ne.

Amsa: Malam, game da manja ka kwantar da hankalinka, domin ɗabi'arsa ce mai kaurin ya kwanta a ƙasa mai ruwan ya taso sama, kuma da an ɗora shi a wuta zai haɗe. Abin tsoro a manja shi ne rinin da wasu ke zubawa don ya ƙara ja, kuma gwaje-gwajen gida da ake yaɗawa ba su isa a dogara da su ba, don haka ka riƙe mai sayarwa ɗaya da ka yarda da shi, ka kuma guji wanda jansa ya wuce misali. Na galan kuwa, da alama daga kwakwar manja aka tace shi, kamar yawancin man da ake sayarwa da sunan man gyaɗa, kuma irinsa yana daskarewa da sanyi. Ba illa ba ce, sai dai bai kamata a karɓi kuɗin man gyaɗa na ainihi a kansa ba. Ka karanta takardar jikin galan, ka nemi lambar NAFDAC da alamar ido mai nuna an ƙara masa bitamin A. Idan ƙamshin gyaɗa kake so a miyar taushe ko a yaji, ka sayi na masu ƙuli-ƙuli kwalba ɗaya-ɗaya, kuma wurin wadda ka san tana tsince gyaɗarta, domin gyaɗar da ta yi funfuna tana ɗauke da guba mai cutar da hanta. Araha ba ta ado a wannan wuri.

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Damagaram ta ce likita ya umurci mijinta ya rage gishiri saboda hawan jini, ta rage, amma ta ƙara yawan dunƙulen magi don miya ta yi daɗi. Tana tambaya ko hakan ya wadatar.

Amsa: 'Yar'uwa, bai wadatar ba, domin babban kaso na kowane dunƙule gishiri ne, don haka abin da kika cire da cokali kin mayar da shi ta wata hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da na dunƙule da na burodi da na yajin tsire. Ki koma ga daddawa. Ta kalwa, wadda ake yi da 'ya'yan ɗorawa, ita ce ta fi ƙarfi a miyar kuka da ta kuɓewa. Ta waken suya ta fi sauƙin kuɗi amma ƙamshinta bai kai ba. Ku kuma a Nijar kuna da daddawar batso ta 'ya'yan yakuwa. Wajen saye ki zaɓi wadda ta bushe da kyau, ki ɓare ɗaya ki duba cikinta ko da funfuna ko yashi, ki kuma tambayi mai ita ko ta sa gishiri, tunda wasu suna sawa don ta daɗe. Ki daka ta da busasshen kifi da citta da masoro ki ajiye a kwalba mai murfi, ki riƙa rage dunƙulen da kaɗan-kaɗan cikin 'yan makonni har harshen mutanen gida ya saba. Kanwa ma a sassauta ta, domin tana ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda shi ne likita yake nufin a rage, kuma kada maigida ya bar shan maganinsa don an gyara miya.