Baba ya ajiye ƙwayar hawan jini saboda tari, ya koma maganin kwalba

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya haura sittin. Bara aka gano yana da hawan jini, aka ɗora shi kan lisinopril. Tun lokacin busasshen tari ya hana mishi barci, mun sayi maganin tari har mun gaji. Yanzu ya ajiye ƙwayar, ya ce na Bature bai karɓe shi ba. Zoɓo yake sha da tafarnuwa, sai wani na kwalba da masu mota da lasifika ke sayarwa bakin kasuwa. Ni ke saye mishi. In ci gaba? Daga wani ɗa a Arkilla.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri. Baba yana da gaskiya a kan tarin. Lisinopril da danginsa an san su da wannan, kusan mutum ɗaya cikin goma na masu shan su yakan yi tarin nan mai ƙaiƙayi a maƙoshi, ba majina, ya fi tsananta da dare. Maganin tari ba ya taɓa shi. Abin da ake yi shi ne a koma wurin likita a ce "wannan yana sa ni tari", a canza masa wani, kamar losartan ko amlodipine, cikin 'yan makonni tarin ya lafa. Shi ma amlodipine yakan kumbura idon sawu, to in an ga haka a sake komawa. Magungunan hawan jini kala-kala ne, da wuya a rasa wanda zai zauna da mutum lafiya. Amma duk mai shan lisinopril da ya ga leɓensa ko harshensa ya kumbura, ya nufi asibiti nan take, ko tsakar dare ne.

Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne a yanzu Baba ba ya kan komai. Hawan jini ba ya sallama. Mutum na zuwa masallaci da ƙafarsa, yana cin tuwonsa, sai wata safiya a tashe shi a ga baki ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa. Ka kai shi a gwada cikin makon nan, kada ka jira wata ya ƙare.

Zoɓo ba na raina shi. An gwada, an ga yana ɗan sauke jini. Ɗan kaɗan ne, ba zai riƙe dattijon da jininsa ya wuce 140/90 ba. Ya sha abinsa ba sukari, a kuma faɗa wa likita yana sha. Wanda ya fi zoɓon amfani yana madafa: a rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, kwatankwacin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin miya da yaji.

Kwalbar kuwa, ka daina saye. Juya ta ka duba. In babu lambar NAFDAC, babu sunan wanda ya haɗa da adireshinsa, babu ranar lalacewa, to babu wanda za ka kama in ta ɓaci. Ko da akwai lambar, ta maganin gargajiya takan ƙare da harafin L, ma'anarta an duba bai nuna cutarwa ba, ba shaida ce ta yana warkarwa ba. Kuɗin kwalaben nan ka tara su ka saya wa Baba na'urar awon jini ta dantse, a riƙa rubuta abin da ta nuna a littafi ana tafiya da shi asibiti.

Tambaya: Innata na fama da ciwon gwiwa. Mai kemis ɗin unguwarmu yana yi mata haɗi, ƙwayoyi huɗu zuwa biyar a leda, ba kwali. Tana jin daɗinsa ƙwarai, har fuskarta ta ciko mutane na cewa ta yi kyau. Wata uku ke nan. Akwai matsala? Daga wata 'yar'uwa a Runjin Sambo.

Amsa: 'Yar'uwa, akwai. Cikowar fuskar nan ita ta fi ba ni tsoro. Irin wannan haɗin yawanci akwai diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam a ciki, wani lokaci biyu a tare, sannan a jefa dexamethasone ko prednisolone. Na ƙarshen nan su ne ke kumbura fuska, su tayar da sukari da hawan jini, su raunana ƙashi. Na farkon kuma suna cin ciki har ya zama gyambo, suna kuma wahalar da ƙoda, balle a zafin Sakkwato na Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ga tsofaffi ba su cika shan ruwa ba. In bayan gidanta ya koma baƙi ƙirin, ko ta yi amai da jini, asibiti kai tsaye.

Sai dai kada ki ƙwace ledar yau ki zubar. Wanda ya yi makonni yana shan dexamethasone, in ya yanke rana ɗaya jikinsa na iya sakewa, jini ya faɗi. A hankali likita ke janye shi. Ki ɗauki ragowar ƙwayoyin ki tafi da su tare da Inna, a duba sukarinta da jininta da ƙodarta. Kafin nan a daina karɓar sabon haɗi. Domin gwiwar, akwai farasitamol da man diclofenac na shafawa, wanda kaɗan ne ke shiga jini. Farasitamol ɗin ma da iyaka: babba kada ya wuce ƙwaya takwas masu miligiram 500 a yini, kuma a lura yawancin magungunan mura suna ɗauke da shi, sai mutum ya ninka bai sani ba, hanta ta ji jiki. Daga yau duk ƙwayar da za a ba ku, ku ce a bar ta cikin katinta mai suna.

Tambaya: Na ga maganin haƙoran yara mai rubutun Faransanci a kasuwa, ya fi na kemis araha. Yarona na zawo da zazzaɓi, an ce haƙori ne. In saya? Daga wani uba a Illela.

Amsa: Malam, kada ka saya. A 2008 wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a ƙasar nan saboda gubar da ta shiga cikinsa, a 2022 kuma ruwan maganin tari ya kashe yara kusan 70 a Gambiya, duk ta hanyar lalata ƙoda. Wanda aka baza a faifai rana na dukansa ma, ko na gaske ne ya riga ya yi rauni, domin yawancin magunguna ba a son su wuce digiri 30 na zafi. Fitowar haƙori ba ta kawo zawo mai yawa ko zazzaɓi mai zafi. Ka fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc, uwarsa ta ci gaba da ba shi nono, ka kai shi asibiti mafi kusa yau a yi masa gwajin maleriya.