Babban yatsa, jiri da jan ido: amsar Likita ga masu wasan harbi

Tambayoyin wannan makon daga Maradi da kewayenta suka zo, kuma duk a kan wasannin harbi ne irin su Call of Duty, waɗanda mai wasa ke ganin fili ta idon sojan, bakin bindiga kaɗai ke gabansa.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ɗan kabu-kabu ne a unguwar Zariya. Da dare nakan shiga gidan gem mu buga da manet, wato na'urar da ake riƙewa da hannu biyu ana sarrafa wasan. Abokaina sun ce duk mai barin taimakon saiti a kunne rago ne, na'ura ke yi masa harbi, sai na kashe nawa. Yanzu gindin babban yatsana na dama ciwo yake, ko butar shayi na ɗaga sai in ji kamar an soka mini allura.

Amsa: Malam, koma ka kunna abinka. Mai wasa da linzamin kwamfuta yana saiti da dantse da wuyan hannu a kan tebur mai faɗi. Kai kuwa aikin nan gaba ɗaya yatsa guda ka ɗora wa, a kan ƙaramin sandan manet da tafiyarsa ba ta kai faɗin yatsu biyu ba. Don haka masu ƙera wasannin suka sa wannan taimako, kuma tun wasan Halo na 2001 ya zama ruwan dare. Aikinsa iri biyu ne: yana rage gudun alamar saiti idan ta hau kan abokin gaba don kada ta zarce, sannan yana ɗan jan ta ta bi shi idan ɗayanku ya motsa. Kunamar bindiga kai ke dannawa. Ƙwararrun da ake biya albashi a gasar Call of Duty League ma da manet suke bugawa, taimakon nan a kunne.

Da ka kashe shi, duk ƙananan gyare-gyaren da na'ura ke yi sun koma kan yatsanka. Akwai jijiyoyi biyu masu ɗaga babban yatsa, suna bi ta wani matsattsen kube a gefen wuyan hannu. Kamar igiyar guga ce a bakin rijiya: yawan gogayya ke cinye ta. Kuben ya kumbura, hanya ta ƙara matsewa. Wani likitan fiɗa ɗan Suwizalan, Fritz de Quervain, ya bayyana ciwon a 1895, da sunansa ake kiran sa har yau. Gwada wannan: lanƙwasa babban yatsan cikin tafin hannu, rufe shi da sauran huɗun, ka karkata hannun a hankali wajen ƙaramin yatsa. In zafi ya tsaga gefen wuyan hannun, da alama shi ne.

Ka ajiye manet mako biyu zuwa uku. Na san babur ba ya ajiyuwa, shi ne abincin, kuma hannun dama ne ke murɗa totur wuni guda, to ka nemi abin ɗaure wuyan hannu mai riƙe babban yatsa a kantin magani. Ƙanƙara a cikin ƙyalle minti 10 zuwa 15 tana rage kumburi. Man shafawa na diclofenac ya fi ƙwaya sauƙi ga ciki, musamman in kana da gyambon ciki. Turamol ɗin ƴan tebur kuwa, kada ka kusance shi: yana rufe zafin kana ci gaba da ɓarna, yana kama mutum, yana kuma iya tayar da farfaɗiya. In wata guda ya wuce ba sauƙi ka je asibiti, akwai allurar da ake yi a cikin kuben. In ka ji yatsu na mutuwa ko ƙarfin riƙo ya ragu, kada ka jira watan.

Ranar da ka koma, ka duba manet ɗin da aka miƙo maka. Na gidajen gem sun sha hannu sun sha ƙura, sai ka ga saiti na tafiya shi kaɗai ba a taɓa ba, mai wasa yana ta kokawa da sandan. Ka ce a canza maka.

Tambaya: Ɗalibi ne ni a Tibiri. Ƙwallo nakan buga awa biyu lafiya lau, amma wasan harbi minti kaɗan sai jiri da tashin zuciya da gumi mai sanyi. Ko hawan jini ne?

Amsa: Da wuya. Ido na gaya wa ƙwaƙwalwa kana gudu kana juyi, kunnen ciki mai kula da daidaiton jiki yana cewa zaune kake a benci. Wannan saɓani ke kawo jirin, ciwo ɗaya ne da na mai karatu cikin mota a hanyar Damagaram. A wasan ƙwallo daga nesa kake kallon fili, shi ya sa ba ya taɓa ka. Shiga wurin gyare-gyaren wasan ka faɗaɗa filin gani zuwa digiri 90 ko 100 in wasan ya yarda, ka kashe dusashewar hoto yayin motsi da rawar kyamara, ka rage saurin juyawar sandan dama. Ja da baya daga allon, a bar fitila a kunne. Da ka ji miyau ya fara taruwa a baki, tashi ka fita iska. Amma jirin da ke zuwa ba a gaban allo ba, ko tare da toshewar kunne, ko ganin abu biyu-biyu, na asibiti ne.

Tambaya: Idona na yin ja yana ƙaiƙayi bayan wasa. Wani ya ba ni maganin ɗigawa, yana aiki sosai.

Amsa: "Yana aiki sosai" ɗin nan ne ya tsorata ni. Karanta kwalbar. In ka ga dexamethasone ko betamethasone ka daina, ka je a auna maka ido, don daɗewa a kansa na kawo hawan jinin ido da yanar ido. Jan idon kuwa yawanci bushewa ce: mai jiran abokin gaba ya leƙo ba ya ƙiftawa, ga hunturu, ga fanka na hura fuska. Duk minti 20 ka dubi abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20.

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara 14 ne, muna Ali Ɗan Sofo. Kullum yana kan wasan harbi a salula. Na ji an ce ciwon ƙwaƙwalwa ne.

Amsa: Hajiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sa kamuwa da wasan gem cikin jerin cututtuka a 2019, jerin ya fara aiki a Janairun 2022. Sai dai ba yawan awoyi kaɗai ake dubawa ba. Ana duba ko yaro ya kasa dainawa in ya so, ko wasan ya ture masa lakwal da abinci da abokai, ko ya ci gaba duk da yana ganin illar, kuma yawanci sai an ga hakan ya ɗauki kamar wata 12. Mafi yawan masu wasa ba su kai nan ba. Abin da na fi gani ga yara irin naki shi ne rashin barci. Mai shekarunsa na buƙatar awa 8 zuwa 10, wasan harbi kuma na barin zuciya na bugawa bayan an kashe waya. Ki karɓi salular bayan sallar isha, ta kwana a ɗakinki, ki kuma tambayi malaminsa ko yana gyangyaɗi a aji. In kika taɓa ganin ya ƙame yana kallon allo ba ya amsa kira, ko jikinsa na fizga, ki kwantar da shi a gefensa, kada a sa masa cokali ko yatsa a baki, a kai shi asibiti ranar. Walƙiyar allo na tayar da farfaɗiya ga wasu yara ƙalilan, kuma tana da magani.