Amsa kan aikin masanin kayan tarihin Girka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mai karatun kayan tarihin tsohuwar Girka haƙar ƙasa kawai yake yi har ya tsufa. Ina! Dubi rayuwar Farfesa John Boardman na Ingila, wanda ya rasu a 2024 yana da shekara 96.

A Jami'ar Kambirij ya yi karatu. Daga 1952 zuwa 1955 yana mataimakin shugaban makarantar binciken kayan tarihi ta Birtaniya da ke Atina, lokacin ne ya yi haƙa a Emporio, a tsibirin Kiyos na Girka. Daga baya ya haƙa a Tokra, can bakin tekun Libiya. Amma yawancin shekarunsa a Okisfod suka ƙare, tsakanin gidan adana kayan tarihi na Ashmolean da aji, kuma ya riƙe kujerar farfesa daga 1978 zuwa 1994.

Ainihin aikin na ido ne. Za a miƙo maka ɓarin tulu da bai kai tafin hannu ba, ka dubi yadda aka zana kunnen mutum ko ninkin rigarsa a jikin tulun, ka ce ga garin da aka yi shi, ga zamaninsa. Wannan ba a koyonsa dare ɗaya.

Idan da gaske kake, fara da harshen Girkanci tun yanzu, ka haɗa da Jamusanci, domin rubuce-rubucen fannin da yawa a cikinsa suke. Guraben aikin kuwa kaɗan ne ƙwarai.