Me Ke Sa Ƙasa Ta Juya Akala Idan Yaƙi Ya Ɓarke A Maƙwabta?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina mamakin ƙasar da za ta yi shekara da shekaru tana cewa ba ta bayan kowa, amma da yaƙi ya ɓarke a maƙwabta sai ta juya akala dare ɗaya. Wannan ba rashin alƙibla ba ne? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Malama, barka kadai. Ni dai ban ɗauke shi rashin alƙibla ba, kuma ƙasar Finlan da ke arewacin Turai ce ta koya mini haka.

Iyakarta da Rasha ta kai kilomita 1,340. Ta gwabza da Tarayyar Sobiyet a 1939, ta rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasarta. Tun bayan yaƙin duniya na biyu take lallaɓa Mosko, ta ƙi shiga NATO, ƙawancen tsaro na Amurka da ƙasashen Yamma inda taɓa mamba ɗaya tamkar taɓa duka ne. Wannan 'yan-ba-ruwanmu da kike gani garkuwa ce, ba aƙida ba. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 Rasha ta auka wa Yukren, wadda ita ma ba ta cikin ƙawancen. Mutanen Finlan suna kallo, ana ta tura wa Yukren makamai amma ba ƙasar da ta tura dakarunta. Gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, sai suka shafa wa nasu ruwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne daga ƙasa sauyin ya taso. Kafin yaƙin, masu son shiga NATO kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. Zuwa watan Mayu sun haura kashi 70 cikin 100. Majalisa ta bi sahu da ƙuri'a 188, takwas kacal suka ƙi. Ranar 4 ga Afrilun 2023 Finlan ta shiga. Burinta na nan yadda yake tun 1945, wato kada a mamaye ta. Hanyar ce ta ga ta daina ɓullewa.

Tsoro ba shi kaɗai ba ne, Malama. Wani lokaci aljihu ne, kamar Jamus da ta dogara da iskar gas ɗin Rasha, dole ta nemi wasu masu sayarwa. Wata kuma dama take hangowa. Turkiyya ta ga ba mai shiga NATO sai da yardar kowace mamba, sai ta riƙe takardar neman shigar Suwidin tana neman a matsa wa 'yan ƙungiyar PKK da ke can, wato ƙungiyar Kurdawa da ta daɗe tana yaƙar gwamnatin Turkiyya. Sai ranar 7 ga Maris ɗin 2024 Suwidin ta samu shiga.