Zauren Tambayoyi: Ƙaramar kwaleji a Amurka, ko babbar jami'a?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Daura, hatsi nake sayarwa. 'Yata ta fari ta gama sakandare da sakamako mai kyau, wata malamarsu ta taya ta neman makarantu a Amurka, ga shi biyu sun ɗauke ta. Ɗaya babbar jami'a ce, amma rangwamen da suka yi mata bai taka kara ya karya ba. Ɗayar kwaleji ce a wani ɗan ƙaramin gari, ɗalibanta ba su kai 2,000 ba, sun ce za su ɗauke mata kusan komai. Ƙanena ya ce kwaleji ai NCE ake yi, kuma wai abin da suke kira "libiral ats" zane-zane ne. Ni kuwa likita nake so ta zama. Wacce zan bar ta ta tafi?

Wani uba, Daura

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya yi wa yarinya albarka, ya saka wa malamar nan da alheri.

Bari mu fara sallamar ƙanenka, ka gaishe shi. A nan gida in an ce kwaleji, hankali kan tafi kwalejin ilimi, ko tsohuwar Kwalejin Katsina da ta koma Barewa. A Amurka ba haka ba ne. Irin wannan kwaleji cikakken digirin farko take bayarwa, na shekara huɗu, daidai da na kowace jami'a. Abin da ya raba su shi ne yawanci ba ta yin digiri na biyu da na uku, saboda haka malamanta ba su da wasu ɗalibai sai waɗannan yaran. Alal misali, kwalejin Williams tun 1793 take, ta Amherst tun 1821, kowaccensu ɗalibanta wajen 2,000 ne, kuma shigarsu ta fi shiga jami'o'i da yawa wuya. Kofi Annan, wanda ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya, a irinsu ya yi digirinsa, wato Macalester ta jihar Minesota, a 1961.

Batun zane-zane kuwa, sunan ne ya yaudare shi. Ma'anarsa ilimi mai faɗi. Mu nan tun a takardar JAMB yaro ke ɗaure kansa da kwas ɗaya yana ɗan shekara 17. Can sai ta yi kusan shekara biyu tana ɗanɗana lissafi, kimiyyar sinadarai, tarihi, tattalin arziki da rubutu, sannan a ƙarshen shekara ta biyu ta zaɓi inda za ta zurfafa. Ka tuna zauren malaman da: safe fiƙihu, hantsi nahawu, yamma hisabi, malam kuma ya san kowane almajiri da inda karatunsa ya tsaya. To, kusan haka ne.

Wannan sanin shi ne abin da ake saye a ƙaramar kwaleji. Na yi shekaru ina koyarwa, na sha shiga ajin da ɗalibai suka cika har kan taga, ina maki da lambar rajista, ban san fuskar mai lambar ba. Ɗan yayata kuwa da ya je irin wannan kwaleji, mura ta kwantar da shi ya rasa darasi biyu, sai ga saƙon farfesan da kansa yana tambaya ko lafiya. Su goma sha wani abu ne a ajin. Ya ce mini, "Kawu, babu bayan aji balle ka ɓuya." In ba ka yi karatun da aka ba ka ba, kowa zai gani, don zagaye tebur ake yi ana muhawara. Ga yarinya mai kunya wannan da zafi a watannin farko, amma nan bakinta zai buɗe.

Yanzu ga inda zan ɓata maka rai. A Amurka yawanci ba a shiga karatun likita daga sakandare. Sai an gama digirin farko na shekara huɗu, a rubuta wata jarrabawa mai suna MCAT, sannan a nemi makarantar likitanci, wata shekara huɗun, kafin a zo ga horon asibiti. Makarantun likitancin da ke ɗaukar ɗan wata ƙasa kaɗan ne, tallafin kuɗi gare shi kuma ya fi kaɗan. Wannan bai shafi girman makaranta ba: ko babbar jami'ar ta tafi, layin ɗaya ne. Saboda haka in likitancin ne kawai, babu gudu babu ja da baya, hanyar Zariya ko Kano ta fi kusa, shekara shida an gama.

Amma na lura da abu guda a wasiƙarka. Ka ce "ni likita nake so ta zama". Ita fa? Ban ji bakinta ba. Ka sa mahaifiyarta ko goggonta ta tambaye ta ba a gabanka ba, don a gabanka "to Baba" kawai za ka ji. In ta ce asibiti take mafarki tun tana firamare, shi ke nan. In kuwa ta yi jim, ta ce tana son kimiyya amma tana son wasu abubuwan ma, to irinta aka gina wa wannan kwaleji. Haka in injiniya take so, a duba da kyau, don ƙalilan ne cikinsu ke da sashen, irin su Swarthmore da Smith.

Sai kuɗi, kuma nan nake so ka sa idon ɗan kasuwa. Kalmar "kusan komai" ba ta kwanta mini ba. Kai ka san buhun da aka ce ya kusa cika, sai an auna da tiya ake sanin gaskiyarsa. Farashin manyan kwalejojin nan, karatu da ɗaki da abinci, ya haura dala 80,000 a shekara, don haka ko kashi goma cikin ɗari aka bar maka, ka buga shi da canjin yau ka ga buhu nawa ne na gero. Ka ɗauko takardar tallafin, a karanta maka layi-layi. Wani ɓangaren kyauta ne, wani bashi ne, wani kuma ladan aikin da za ta yi a cikin makaranta, kuma bizar ɗalibi ba ta yarda a wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu. Ka tambaya ko tallafin na shekara huɗu ne, ko zai ƙaru in farashi ya tashi, ko inshorar lafiya da littattafai da kuɗin jirgi suna ciki. Mu abin da ya kama mu shi ne hutu. Ba mu tambaya ba, sai da Disamba ta zo yaron ya kira ya ce an rufe ɗakin cin abinci, abokansa duk sun tafi gida, shi kaɗai a bene da biredi da shayi. Ka nemi amsar wannan a rubuce.

Ka kuma bincika lafiyar aljihun makarantar kanta. Ƙananan kwalejoji ba duka ke da ƙarfi ba. Wells da Birmingham-Southern duk sun rufe a 2024, ɗalibansu suka koma neman inda za su ƙarasa. Wadda ta daɗe tana tara dukiyar wakafi daga tsofaffin ɗalibanta ita ce ke iya cika alkawari. Ofishin EducationUSA da ke Abuja, mai ba da shawara kan karatu a Amurka, zai taimaka wajen tantance ko hukuma ta amince da makarantar, abin da za a buƙata ranar da yarinya ta dawo neman bautar ƙasa. A nan ne kuma za ku ji halin da biza ke ciki, don ƙa'idojinta ga 'yan Najeriya suna yawan sauyawa. Kada ka biya kuɗin kama gurbi, wanda galibi wa'adinsa 1 ga Mayu ne, sai kun ji wannan.

Ɗan ƙaramin garin da ka ambata ma abin dubawa ne. Grinnell, alal misali, makaranta ce mai daraja, amma garin bai kai mutum 10,000 ba, gonakin masara ne ko'ina, birni sai an yi tafiyar kusan awa guda a mota. Macalester kuwa cikin birni take, a yankin da Somaliyawa suka yi yawa, masallaci da naman halal ba abin nema ba ne. Ka sa ta rubuta wa makarantar ta ce a haɗa ta da wata ɗaliba Musulma da ke can. Ta tambaye ta inda suke sallar Juma'a, da yadda ake yi da sahur, da ko akwai benen kwana na mata zalla. Amsar ɗaliba ta fi hoton ciyawa da jan bulo da ke cikin takardar talla.

In ka matsa sai na zaɓa: muddin yarinya ba ta kafe a kan likitanci ba, takardar kuɗin kuma ta auna ta cika, ni kwalejin zan ba ta. Babbar jami'ar da za ta sa ka sayar da gona tun shekarar farko ba zan yi maka sha'awarta ba, ko da ƙanenka ya taɓa jin sunanta a rediyo.

In an kai ga tafiya, kada a saya mata rigar sanyi a nan. Yayata ta cika wa ɗanta akwati da suwaita irin ta hunturun Katsina, watan Nuwamba bai ƙare ba ya gane duk cikinsu babu wadda za ta kai shi ko bakin ƙofar laburare. A ba ta kuɗin a hannu, ta saya can.