Albashin da Ya Makara da Kuɗin SSNIT

Yarona, na duba takardar albashin da ka kawo mini jiya. Ka ce mai kamfanin nan na Aboabo bai biya direbobinsa Janairu da Fabrairu ba, sai a ƙarshen Maris ya haɗa wata uku ya ba su, kai kuma ka shigar da duka a matsayin albashin Maris, ka aika wa SSNIT, hukumar fansho ta Ghana, haka. Yanzu kana tambaya ko da laifi, tunda ko sisi bai yi ciwon kai ba.

Lissafinka daidai ne, watan ne ka ɓata. Kuɗin fansho watan da aka yi aiki yake bi, ba ranar da albashi ya shiga hannu ba. Dokar fansho ta 2008, mai lamba 766, ba ta bar wata kafa ba: a ƙarshen kowane wata mai kamfani zai cire kashi 5.5 cikin ɗari na ma'aikaci, ko an biya shi albashin ko ba a biya ba. Ya ɗora nasa kashi 13, ya zama 18.5, kuma kwana 14 kawai gare shi ya biya kuɗin bayan wata ya ƙare. Wato na Janairu tun 14 ga Fabrairu ya zama bashi a wuyansa.

Ɗauko layin direban nan mai sidi 2,000. Kasonsa 110, na maigida 260, jimla 370 a wata. A ciki 270 na SSNIT ne, 100 na asusun mataki na biyu, wanda kamfanin fansho mai zaman kansa yake riƙewa. Kai ka rubuta masa 6,000 a Maris. Duk wanda ya buɗe bayanansa zai ga Janairu wayam, Fabrairu wayam, sai Maris ya kumbura kamar an yi masa ƙarin girma. Shi kuwa fansho da wata ake ƙirga shi, sai mutum ya cika wata 180 kafin ya cancanci na wata-wata. Bawan Allah yana ta fama da hanyar Tamale dare da rana, ka sare masa wata biyu da alƙalami. Ba yau zai gane ba, sai ya kai shekara 60 ya je karɓar haƙƙinsa, lokacin wataƙila kamfanin ma babu shi, ni da kai kuma wa ya san inda muke.

Gyaran ba wuya, sai dai zirga-zirga. Kada ka goge takardar Maris, kada ka shafa mata farin fenti. Na tsani wannan ɗabi'a, mai bincike yana ganin shafe-shafe sai ya fara zargin abin da babu. Bar ta yadda take, ka warware shigarwar a littafi da kwanan watan yau, ka fitar da takarda uku, kowane wata da tasa, da jerin gudummawarsa daban. Sai ka rubuta wasiƙa da sa hannun maigida, ka haɗa da rasit ɗin abin da aka biya, ka kai ofishin SSNIT na Adum a Kumasi, ka nemi a rarraba kuɗin a kan watanninsa. Duba lambar katin ɗan ƙasa na kowa sau biyu, ita ce lambar SSNIT yanzu. Kamfanin mataki na biyu ma aika musu nasu gyaran. Yara da yawa nan suke mantawa, su ɗauka gida ɗaya ne.

Na kuma lura a layi biyu ka cire 5.5 har a kan alawus ɗin tafiya. A kan ainihin albashi ake cirewa. Mayar wa direbobin biyu da rarar, ka sake lissafin harajinsu na GRA, hukumar haraji, domin sai an fitar da 5.5 ake buga haraji, in wancan ya karkace wannan ma ya karkace.

Saura maganar tarar makara, kuma nan ne za a yi ta da kai. Kashi 3 cikin ɗari ne a kowane wata a kan abin da aka makara da shi. A kan 270 bai wuce sidi 8 da 'yan kai ba, amma ninka shi da direba ashirin da watannin da suka wuce, za ka ga fuskar Alhaji maigida ta sauya. Zai ce maka a ɗan rage a albashin yara mana. Ka ce masa cikin ladabi ba zai yiwu ba. Ba su suka makara ba, kuma ko kashi 13 ɗin nasa doka ta hana shi fanshewa daga jikinsu, balle tara. In ya matsa, ce masa ni na hana, ya kira ni.

In sun gama gyara, ka sa direba ɗaya ya ciro bayanan asusunsa ka ga Janairu da Fabrairu da idonka, sannan ka rufe fayil ɗin. Gobe bayan Azahar kawo mini wasiƙar in duba kafin Alhaji ya sa hannu.