Kafin ka ce wane ya fi wane, tace alƙaluman

Maigida, ka ba ni 'yan wasan gaba biyu in kwatanta. Ɗaya ya ci ƙwallo 15 a kakar bara, ɗayan ya ci 11. Na rubuta cewa mai 15 ya fi, sai ka dawo mini da rahoton. Ina na kuskure?

Ɗana, ƙirgenka daidai ne, tacewa ce ba ka yi ba. Fara da cire fanareti. Kusan uku cikin huɗu na fanareti shiga suke yi, kuma koci ne ke zaɓar mai bugawa, don haka ba su nuna wanda ya fi iya neman raga. Sannan ka raba ƙwallayen da suka rage da mintocin da ya buga, ka ninka da 90. A ce mai 15 ɗin yana da fanareti 5, ya kuma buga minti 3,000: ya koma 0.30 a kowane cikakken wasa. Mai 11 kuwa, ba fanareti, minti 1,980, ya tashi 0.50. Ka ga lissafin ya juye. Wanda bai kai minti 900 ba kada ma ka saka shi a sikeli, domin ƙwallo biyu na sa'a sun isa su kumbura masa alƙalami.

Bayan nan duba xG, wato ma'aunin da ke kimanta yiwuwar shigar kowane shot bisa nisansa da kusurwarsa da ko da ƙafa aka buga ko da kai. In jimillar xG ɗin ɗan wasa a kaka 8 ce ya ci 14, kada ka ɗauka haka zai riƙa yi kullum. Akasari kakar gaba sai ya sauko. Amma xG ba ya ganin gudun da ya yi ya janye mai tsaron baya har abokinsa ya samu fili.

Gasar ma tana da nata nauyin. Afonso Alves ya ci 34 a gasar Holan da Heerenveen a kakar 2006/07, Middlesbrough ta saye shi a 2008, ya ƙare da ƙwallo 10 kacal a Firimiya.

Inda alƙaluma suka fi yaudarar sabon shiga shi ne tsakiya da baya, kuma a nan nake so ka natsu. Ba ka ƙwace ƙwallo sai tana ƙafar abokin hamayya. A kakar 2015/16 N'Golo Kanté ya fi kowa ƙwace ƙwallo da tare fasin a Firimiya, a Leicester wadda ke barin ƙwallo ga abokan karawa tana jiran kai harin ba-zata. Da ya koma Chelsea mai riƙe ƙwallo, adadin ya ragu, amma a 2017 ɗin ne 'yan wasa 'yan uwansa suka zaɓe shi gwarzon shekara. Saboda haka kullum ka ajiye kason riƙe ƙwallon ƙungiya kusa da adadin ƙwacen ɗan wasa. Mai tsaron baya kuma da ka ga yana yawan zamewa ƙasa yana ƙwato ƙwallo, sau da yawa makara ya yi wurin tsayuwa. Wanda ya tsaya daidai har aka fasa ba da fasin ta wajensa, ba a rubuta masa komai, alhali shi ya yi aikin.

Haka nan kason fasin da ya isa. Mai kashi 93 cikin ɗari wataƙila gefe da baya kawai yake turawa, mai kashi 78 kuma shi ke tsaga layi. Ƙirga waɗanda suka kai ƙwallo gaba daban.

Ka kuma tambayi aikin da koci ya ɗora masa. Mikel Obi ya yi sama da shekara goma a Chelsea, ƙwallo ɗaya ya ci a Firimiya, domin an dasa shi ne gaban masu tsaron baya. Shi ne kuwa wanda ya zo na biyu bayan Messi a gwarzon gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2005, yana wasa a gaba-gaba. Kada ka gwada shi da Lampard, abokin wasansa a Chelsea mai yawan cin ƙwallo, don kawai duka 'yan tsakiya ne.

Alƙaluman nan amfaninsu su rage maka 'yan wasa 50 su koma 5. Daga nan sai ido. Kalli aƙalla cikakkun wasanni huɗu na kowannensu: gida, waje, ɗaya da babbar ƙungiya, ɗaya da aka doke su. Ka guji bidiyon da aka tsinto masa wuraren bajinta. Cikin minti 90 ƙwallo ba ta wuce minti biyu zuwa uku a ƙafarsa, don haka bi shi da ido lokacin da ba ta wurinsa: yana waiwaye kafin ya karɓa, yana komowa in an ƙwace, ina yake tsayawa in ana kai musu hari. Koma ka sake rahoton da waɗannan, ka rubuta mintin kowane abin da ka gani a gefensa.